Ranar da Inna Ta Kai Waƙarta Gidan Maƙwabta

Ƙofar Marusa, Katsina
Ƙarshen watan Nuwamba

Zuwa ga Uwata, Saratu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙonsa ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Funtuwa lafiya, ke da mijinki Yohanna, babu abin da ya same ku a hanya. Allah ya tsare shigarki da fitarki, ya ba ki barci a ɗakin da ba ki saba da shi ba, ya haɗa ki da maƙwabta masu mutunci. Amin.

Na sa takardar a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwan gado, don kada ki karanta ta a mota. Kin san ni da magana baki da baki. Sai in tsara ta tsaf a raina, in na zo gabanki kuma in ɓuge da tambayar ko kin ɗauki gidan sauro. Ba zan ba ki labarin gida ba, yanzu kika bar shi. Magana ɗaya ce ta hana ni sukuni.

Kawunki Markus, yayana, ya aiko cewa bana dangi duka a gidanki za su yi Kirsimeti, tunda Funtuwa ta fi kusa da ƙauye, kuma Inna tana son ganin ɗakin takwararta. Na duba kalanda. Ranar Litinin ce, kuma bana ma cikin azumi zai faɗo, a goman ƙarshe, dab da Sallah. Ke nan ko wata guda ba ki yi a gidan miji ba za a ɗora miki abin da aka ɗora mini bara, ni kuwa na zubar da shi. Tun daga ranar, mahaifiyata, wadda aka sa miki sunanta, ba ta sake taka gidana ba. Ba ta kuma sake kirana Auta ba. Kina nan aka yi komai, amma daga bakin murhu kika gani. Ba ki san abin da ke cikin kaina ba. Shi zan faɗa miki, don ki gane shi in ya zo miki, domin ba da kamannin mugunta yake zuwa ba. Da kamannin hankali yake zuwa.

Kin tuna bara na gama digiri. Shekaru na yi ina zuwa Zariya karatun dogon hutu, ina zama aji ɗaya da waɗanda na koya wa lissafi a sakandare, har furfura ta riga takardar shaida isowa. Da can mu kaɗai muke Kirsimetinmu a nan, sai an kwana biyu mu tafi ƙauye gaisuwa. Da sakamako ya fito sai na ce a'a, wannan karon su za su zo. Na aika wa Inna, da Markus da iyalinsa, da gwaggwanninki biyu. Na ce don murnar haihuwar Almasihu ne. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Ina son su ga hotona da rigar digiri a bangon falo.

Na aika da gayyatar ke nan sai gari ya canza magana. Soja sun koma bariki tun farkon damina, farar hula sun karɓa, bakin kowa ya buɗe. A ɗakin malamai, a teburin mai shayi, a cikin motar haya, maganar shari'ar Musulunci ake yi, wa za ta shafa, wa ba za ta shafa ba. Na fara sayen jarida, abin da ban saba ba. Na riƙa kama tashoshin waje safe da yamma. Duk abin da na ji sai in ajiye shi a raina, in jera shi kusa da na jiya, in ga inda layin ya nufa. Sannan na ga Kirsimeti zai faɗo Asabar, a tsakiyar azumi, ga baƙi cike da gida, ga unguwa mu kaɗai ne Kirista a cikinta.

Dole in faɗi abu ɗaya a nan, don kada in yi wa kaina sassauci. Shekarar da ta gabaci bara ma a cikin azumi muka yi Kirsimeti, a farkonsa. An yanka, an dafa, an kai wa maƙwabta da magariba, sun sha ruwa da shi, babu wanda ya ɗaga gira. Na san wannan sarai. Ban sa shi cikin lissafina ba, don bai dace da amsar da tsoro ya riga ya ba ni ba.

Mahaifiyarki ta ga ina ta juyi, ta ce, "Baban Uwa, in abin ya dame ka, leƙa ka tambayi Malam Lawal mana. Bango ɗaya ne tsakaninku."

Na ce, "Tambayar ma ɗora masa nauyi ne. Me kike so ya ce?"

Ta ce, "Abin da zai ce. Ai bakinsa ne."

Ban je ba. Uwata, ga na farko. Abin da kika ji a rediyo labarin mutanen da ba ki sani ba ne. Kada ki ɗauko shi ki yafa wa mutumin da kika sani. Kafin ki yanke abin da maƙwabcinki yake nufi da ke, tashi ki je ki dubi fuskarsa. Ni na yi shekara sama da ashirin ina kallon fuskar Malam Lawal, amma na bar baƙi a cikin akwatin rediyo suka gaya mini ko shi wane ne.

Sai maganar yanka. Kin tashi kin ga ana yi, wataƙila ba ki taɓa tambayar dalili ba. Maƙwabtanmu ba sa cin nama sai yankan Musulmi. Shi ya sa tun kafin a haife ki, duk safiyar Kirsimeti Malam Lawal tela yake rufe shagonsa na zaure, ya zo da wuƙarsa ya yanka mana taure, a ba shi wuya kamar yadda ake ba mai yanka. Da wannan yankan ne miyar mahaifiyarki take iya shiga kowane gida a lungun nan. Ba a taɓa rubuta wannan ba, ba a taɓa yin shawararsa ba. Haka kawai yake.

Bara sai na zauna na yi tunani irin nawa. Na ce, mutum yana azumi, ga yadda gari yake, a gan shi ya shiga gidan Kirista da wuƙa ya yi musu yankan biki, me za a ce da shi a masallaci? Na ce in na kira shi zai ji kunyar ƙi, in ya zo kuma na jawo masa magana. Na ga kamar kyautatawa ce in sauke masa. Saboda haka gari na wayewa na ta da Markus, muka ja tauren bayan banɗaki. Ni na riƙe masa baki da hannu biyu don kada ya yi kuka.

Markus ya dube ni, wuƙa a hannunsa, ya ce, "Kai Auta, gaya mini gaskiya tun ban sa hannu ba. Na sata ne?"

Ban yi dariya ba. Na ce ya yi sauri.

Muna shirin tafiya sujada sai na ji sallama a zaure, da ƙarfi, irin tasa.

"Salamu alaikum, Sarkin Lissahi! A hito da mai laihin, wuƙa ta sha dutse tun jiya!"

Na fita. Yana tsaye da tsohuwar rigar da yake sawa in zai yi yanka, ya naɗe hannuwanta, wuƙa a cikin ƙyalle. Ya ce, "Na ce ma Indo kada ta wahal da kanta da tuwo yau, da shinkahwar Kirsimeti za mu sha ruwa. An ce Inna ta iso? Bari in gama da wannan in gaishe ta."

Na tsaya a bakin ƙofar ciki, na cika ta da jikina. Amma ya fi ni tsawo. Idonsa ya wuce kafaɗata ya sauka a kan igiyar shanya, inda Markus ya rataye fatar.

Ya ce, "Au. Ashe an riga ni."

Na ce, "Na ga kana azumi ne, Malam. Ban so in wahalar da kai ba."

Ya ce, "Waccan shekarar ba azumi nike ba?"

Na sunkuyar da kai. Ni da nake da amsar kowace tambaya a allo. Ya ƙara naɗe ƙyallen a kan wuƙar, a hankali, kamar mai naɗe yadin wani. Ya ce, "To, madalla. Allah shi maimaita muna." Ya juya, bai shiga gaida Inna ba, don ban matsa daga ƙofar ba.

Ki ji wannan da kyau. Akwai nauyin da mutum yake ɗauka yana alfahari da shi. In kika sauke masa ba tare da kin tambaye shi ba, ba hutar da shi kika yi ba, korarsa kika yi. Ni na ce ina kare Malam Lawal daga bakin mutane. Abin da ya ji shi ne, na daina yarda da shi. Kuma daidai ya ji. In kun sayi abin yankanku, ki sa Yohanna ya je wurin maƙwabcin da ya fi kusa da ku tun da sauran mako, ya yi sallama, ya roƙe shi a fili. In ya ƙi, to bakinsa ne ya ƙi, kun san inda kuke. Kada ku ƙi a madadinsa.

Yanzu na zo wurin da hannuna yake nauyi.

Kin san kakarki ita ke ba da waƙa a cikin matan zumunta a ƙauye, tun ina goye. Ta zo da tulunta na waƙa, wanda take buga bakinsa da tafin soso. A cinya ta riƙo shi tun daga ƙauye har tasha, ta hana a sa shi a bayan mota. Da muka taso daga sujada muka sauka a bakin lungu, duk da anko, sai ta ɗaga murya, gwaggwanninki suka karɓa. Haka ake shiga gida ranar Kirsimeti a wurinmu, da waƙa ake shiga. Na yi sauri na sha gabansu, na ɗaga hannu kamar ina aji. Na ce, "Ku yi haƙuri, mutane na azumi." Suka yi shiru. Muka shiga gida a jere kamar masu dawowa daga maƙabarta.

Na sa sakata a ƙofar zaure, da rana tsaka. Na rufe tagogin falo. Inna ta zauna a tabarma ta huta, ta sha ruwa, sannan ta jawo tulun gabanta. A ganinta, a waje ne aka hana. Bugu biyu ta yi na sunkuya na ɗauke shi daga tsakanin ƙafafunta.

Ta ce, "Auta, mi na yi?"

Na ce, "Inna, a nan ba a yin haka."

Ta ce, "Ba a yin mi? Murna?"

Na ce, "Inna, nan ba ƙauye ba ne."

Haka na faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. A gaban 'ya'yanta mata, da surukanta, da jikokinta. Ina tsaye da tulunta a hannuna, hoton nan na rigar digiri yana bisa kaina. Ta dubi hoton, ta daɗe tana dubansa, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Gaskiyarka, Malam. Mu a ƙauye in an haihu guɗa ake. Ashe a birni ɓoye jinjirin ake yi."

Ranar ce ta fara kirana Malam.

Aka kawo abinci. Ba a jin komai sai ƙarar cokali. Markus ya gwada, ya ce, "Jama'a, wa ya rasu ne? A gaya mini in yi ta'aziyya tun ban ƙoshi ba." Ko matarsa ba ta yi dariya ba. Zafi ya cika falon saboda tagogi a rufe, yara suna ta kallon fuskata su ga ko an yarda su yi motsi. Babu wanda ya tambaye ni hoton. Ban kuma nuna wa kowa ba.

Na daɗe ina juya wannan. Kara abu ne mai kyau, ba zan ce miki ki zubar da ita ba. Mutum yana azumi, ba a buga masa ganga a kunne lokacin sallarsa. Da na durƙusa kusa da Inna na ce mata a hankali, bari a idar da azahar sai ki ɗora, da ta yarda nan take, don ta fi ni sanin kara. Abin da na yi ba kara ba ne. Kunyarta na ji. Na ji kunyar muryarta, da tulunta, da bangaskiyarta mai ƙara, na kuma sa wa kunyar rigar ladabi. In kin ji bakinki yana shirin gyara wa tsohuwa zama a gaban 'ya'yanta, ki fita tsakar gida ki sha ruwa. Duk abin da waƙarta za ta jawo miki bai kai abin da shirunta zai jawo miki ba. Ni na ji duka biyun, na san wanda ya fi nauyi.

Mahaifiyarki ta riga ta auna shinkafa irin ta kowace shekara, wadda za ta ishi gida da lungu. Ta wanke kwanonin rabo ta kife su tun daren jiya. Ba ta san na canza mai yanka ba sai da ta ga nama a tire. Ga tukwane cike, ga miya ta yi kyau, amma ba ta da gidan da za ta iya shiga. Da aka kira magariba sai ga kwanon Hajiya Indo, matar Malam Lawal, an miƙo ta kan bango, kunun tsamiya da ƙosai, kamar yadda take aiko mana kowace yamma in ana azumi. Ba ta fasa ba. Na so a ce ta fasa.

Kin san ba a mai da kwano haka nan. Mahaifiyarki ta juye, ta wanke, ta tsaya a tsakar gida da shi a hannu, tukwane kewaye da ita. Ta ce, "Baban Uwa, me zan sa a ciki?"

Inna ce ta tashi. Ta kwance ƙullin kantun riɗi da ta kawo wa jikoki, ta cika kwanon, ta gyara ɗaurin kallabinta. Ta ce miki, "Takwara, riƙe mini." Ta zare sakatar da hannunta, ba ta dube ni ba, kuka fita.

Ke kika shiga, kin fi ni sanin abin da aka yi a can. Ni abin da bango ya bari ya wuce kawai na sani, don na je na zauna a gindinsa. Na ji gaisuwa mai tsawo. Na ji Hajiya Indo tana cewa, "Haba Inna, ke ce a garin nan tun jiya amma unguwa shiru? Mun ce ko ba ki lahiya." Na ji dariya. Aka jima ana hira. Sai na ji muryar mahaifiyata, ba da ƙarfi ba, wani yana ɗan buga mata bayan ƙwarya. Waƙar haihuwar nan ce da take yi mana tun muna kwana ɗaki ɗaya da awaki. Da ta kai ƙarshe na ji an ce, "Ƙara, Inna." Ta ƙara. Ladan yana fara kiran isha'i ta tsaya da kanta, a tsakiyar baiti, ba wanda ya ɗaga mata hannu.

A gidan masu azumi mahaifiyata ta yi Kirsimetinta. A gidan ɗanta an ɗauke mata tulu.

Sai Talata aka shirya za su koma. Ran Lahadi da safe na ga kaya a ɗaure. Daga sujada suka wuce tasha. Shinkafar da ta rage, mun ci ta har ta gundure mu, sauran ta lalace.

In za ki dafa, Uwata, ki dafa abin da zai iya tsallake bango. Kuma ki sani ba shinkafa ce take kawo dangi gidan mutum ba, suna da ita a gidajensu. Suna zuwa ne su zama yadda suke, a ƙarƙashin rufin nasu. In kin hana su wannan, ko sa kika yanka, da yunwa za su tafi.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Akwai saura.

A farkon shekarar nan, da aka yi rikicin nan a Kaduna, muna zaune muna jin rediyo, ana faɗin abin da ba na son maimaitawa a takarda. Kin san me ya fara fitowa daga bakina? Ba addu'a ba. Na juya na ce wa mahaifiyarki, "Kin gani ko?" Mutane suna mutuwa, ni kuwa wani ɓangare na zuciyata yana jin ya ci jarrabawa.

Ta ce, "Me na gani? Malam Lawal ne ya je ya yi?"

Da wannan "kin gani ko" na tafi ƙauye da Ista, wai neman gafara. Inna ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta baƙi. Ta sa aka kawo mini tuwo a farantin tangaran, har da cokali, ni da muke sa hannu a ƙwarya ɗaya da ita. Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ya birni?" Na gyara zama na fara. Na ce na yi kuskure, amma ta duba yadda gari yake a lokacin. Na kawo mata abin da jarida ta ce, da abin da rediyo ya ce, da abin da ya faru daga baya, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hujjarsa. Tana ɓarar gyaɗa tana saurare, ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Ka gama?"

Na ce, "Na gama."

Ta ce, "To, duk daidai ne. Ci abincinka kada ya huce."

Sai a mota na gane ban nemi gafara ba. Darasi na je na koyar. In kin ɓata wa mutum, ki bar dalilanki a gida. Ko da gaskiya ne, musamman ma in gaskiya ne. Ki je hannu wofi, ki durƙusa, ki faɗi abin da kika yi da sunansa, ki yi shiru. Duk neman gafarar da ke da "amma" a tsakiyarsa, abin da ya biyo bayan "amma" kawai ake ji. Na koma sau biyu bayan nan da niyyar gyarawa. Duk lokacin da na ga sabuwar tabarmar nan sai harshena ya koma aji.

Malam Lawal bai yi gaba da ni ba. Yana gaishe ni, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Da layya ya aiko da cinya. Ya zo bikinki, ya yi miki addu'a, kin gani. Amma Malam Bitrus nake yanzu, Sarkin Lissahi ya mutu. Na sha shiga shagonsa da magana a bakina, in fito an ɗinke mini maɓallin da bai tsinke ba.

Kada ki ɗauka mai wannan takarda ya warke. Ban warke ba. Ina rubuta miki "ki buɗe ƙofa" hannuna yana so ya ƙara "amma ki leƙa tukuna." Ba zan iya ce miki ƙasar nan lafiya take ba, ban da hujja, kuma ba na faɗin abin da ban da hujjarsa. Ba zan iya ce miki duk maƙwabci Malam Lawal ne ba. Wataƙila wata rana ki buɗe ƙofa ki yi da-na-sani. Abin da na sani tabbas ɗaya ne, don shi na gwada: na rufe tawa, babu abin da ya shigo ya cuce mu, kuma na rasa duk abin da na rufe ta dominsa. Mun yi zaton in soja suka tafi tsoro zai bi su. Nawa ba a bariki yake kwana ba. Ina jin da shi za a binne ni. Abin da nake roƙo kawai, kada ya zama cikin kayan da kika tafi da su.

Sauran ƙanana ne. Ki ba Inna ɗakin da ya fi kusa da ƙofa, gwiwarta ba ta son tsallake dokin ƙofa da yawa. Kada ki sa mata barkono a miya, a gefe take so. Kan akuya na Markus ne, in aka ba wani za ki ji labari har Ista. Ki tara ruwa tun da wuri. In yara sun fasa miki wani abu cikin kayan aure, ki share ki yi shiru, ba ranar faɗa ba ce. In Yohanna ya fara kai da kawo yana leƙa taga, ki ba shi aiki, ko ki ba shi wannan takarda.

Saƙon da kawunki ya aiko, na sa wanda ya kawo shi ya maimaita mini kalma da kalma. Sunan mahaifiyarki kawai aka kira, cewa aka yi, "A gaya wa Maryamu ta zo da yara." Na tambaye shi ko akwai saura. Ya yi tunani, ya ce babu. Saboda haka mahaifiyarki da ƙannenki za su zo miki tun ran Asabar. Ni zan zauna. Ba fushi nake ba, kada ki ɗauka haka. In na zo, kowa zai riƙa duban fuskata kafin ya yi dariya, Inna kuma za ta nemi sabuwar tabarma a gidan amarya. Ba zan lalata Kirsimeti biyu a jere ba.

Kada ki roƙe ta a madadina. Kada ki sa mahaifiyarki ta yi. Ki bar ta ta ci, ta yi waƙarta har muryarta ta dushe. In a cikin hira, da kanta, ta ce ina Auta, ko ma ta ce ina Malam, to ki aiko mini a ranar, ko ta hannun direban mota ne, zan kamo hanya da rigar da ke jikina. In kuwa har ta koma ba ta tambaya ba, kada ki rubuto ki ce ta tambaya. Na san tausayinki, kuma na san rubutunki in kina rufa mini asiri. Ki rubuto kawai ki ce an yi lafiya, an watse lafiya. Zan gane.

Ki gaishe mini da Yohanna da iyayensa. Allah ya kawo miki baƙinki lafiya, ya mai da su lafiya, ya tsare su daga sharrin hanya da sharrin mutum. Ya tsare gidanki, da gidan da ke damanki, da wanda ke hagunki. Ya ƙara wa Inna kwana, ko da ba nawa rabon ba ne a ciki. Ubangiji ya sa miki albarka, ya kiyaye ki.

Ni ne mahaifinki,
Bitrus